Masu Karatun Teku a Gaɓar Durban

A gaɓar tekun Afirka ta Kudu, daga birnin Durban ka miƙe kudu har Port Edward, akwai mutanen da sanyi ba ya hana su fita tun kafin assalatu. Hunturun can yana faɗowa ne a Yuni da Yuli, kuma a daidai lokacin ne kifin sadin, wannan dai da muka saba gani a gwangwani, yake tasowa daga ruwan sanyi na kudu, miliyoyi a dunƙule, yana bin gefen ƙasa zuwa arewa. Duk wani mai haƙori a cikin ruwa yana biye da shi, tsuntsaye kuma suna ta faɗo masa daga sama. Manyan kifayen da ke bin wannan ayari su ake jira a bakin ruwa. Masu jiran ba masuntan sana'a ba ne. Akwai malamin makaranta, akwai bakanike, akwai likita da ɗan fansho, har da mata da 'yan samari. Lasisin da ke aljihunsu ma ya haramta musu sayar da ko da kifi ɗaya. Sha'awa ce ta fito da su, kuma ba ta ƙarewa da wucewar sadin, duk shekara suna nan.

Wanda ya hango su daga kan titi zai ga mutum tsaye da doguwar sanda, ya zura wa ruwa ido, awa biyu bai gusa ba. Sai ya ce ai zaman kashe wando ne aka mayar da shi tsayuwa. Ba a rasa masu hakan a cikinsu ba. Amma gwanin cikinsu ya fara aikin wannan safiya tun kwanakin baya, kuma da duban wata ya fara.

Teku yana cika ya janye sau biyu a kwana ɗaya. Wata ne ke jan ruwan, rana tana taya shi. Tsakanin cika da cika akwai awa 12 da minti 25, shi ya sa kullum lokacin yake ƙara jinkiri da kusan minti 50. Idan wata ya tsaya, ko ya kai kwana 14 zuwa 15, rana da wata suna ja ne a layi ɗaya, sai cikar ta yi ƙarfi, janyewar ma ta yi nisa; a Durban bambancin da ke tsakaninsu yakan kusanci mita 2. A kwana 7 ko 8 ga wata, da kuma 22 ko 23, ruwan ya yi sanyin jiki, wani lokaci bambancin bai fi rabin mita ba. Duk wanda ya saba da lissafin watan Musulunci ya riga ya riƙe rabin jadawalin a ka. Sauran rabin yana cikin wani ɗan littafi da ake samu a shagunan kayan fatsa, yanzu kuma yana cikin waya. A wannan gaɓa, ranakun babbar cika ruwa yakan janye ƙarshen janyewa da hantsi, ya cika maƙil wajen la'asar da kuma gabanin asuba.

Wannan janyewar ta hantsi ita gwani yake jira, kuma yakan je ba tare da sanda ba. Sai ya hau tudun rairayi ya tsaya yana kallo. Inda igiyar ruwa take tashi ta fashe ta yi fari, ya san akwai tudun yashi a ƙarƙashi, ruwan wurin ba zurfi. Tsakanin wannan tudu da gaɓa sau da yawa akwai wani zirin ruwa mai duhu, mai kwanciya, wanda igiya ke wucewa ta kansa ba ta fashe ba. Wannan kwari ne, doguwar hanya mai zurfi. Can gaba kuma zai ga wurin da farin kumfan ya yanke, ruwa mai launin ƙasa yana gudu zuwa cikin teku ɗauke da tarkace. Nan ce ƙofa, inda ruwan da igiya ta turo yake komawa. Masu wanka gudun wurin suke yi domin yana janye mutum. Mai fatsa kuwa alama yake sa masa da wata bishiya ko rufin wani gida, don ya gane shi da asuba idan ruwa ya rufe komai.

Dalilin duk wannan kallo abinci ne. Igiya tana dukan tudun yashi ta tono ƙaguwa da tsutsa da kumba, ta zubo su cikin kwari. Ƙananan kifaye su taru suna ci. Manya su shigo ta ƙofa idan ruwa ya fara cika, su laɓe a gefen tudun inda kumfa ke ɓoye su. Kowane kifi kuma da irin ruwan da yake so. Kob, wanda a girma da siffa za a iya cewa shi ne giwan ruwan wannan gaɓa, yana son ruwa mai ɗan gurɓata, domin da ƙanshi da jin motsi yake farauta. Garik da ido yake farauta, saboda haka sai ruwa ya yi haske. Shad, mai kaifin haƙora, wanda kusan kowane yaron Durban da shi ya fara, yana cin abinci ne da ketowar alfijir da faɗuwar rana, cikin farin kumfa kusa da duwatsu. Iska ma tana da nata bayani. In ta yini biyu ko uku tana busowa daga arewa maso gabas, takan kore ruwan sama mai ɗumi, na ƙasa mai sanyi ya taso. In ta juyo daga kudu maso yamma, sai ta turo shuɗin ruwa mai ɗumi na kogin cikin teku da ake kira Agulhas zuwa gaɓa. Abin da ya fi ban sha'awa shi ne karatun ba ya ƙarewa. Guguwa ɗaya ta dare tana iya kwashe tudun yashi ta kai shi wani wuri, kwarin da ya ba da kifi makon jiya ya cike. Mutumin da ya ce shekara goma yana tsayawa wuri ɗaya, ya faɗa maka shekara goma bai duba ruwa ba.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Sandar takan kai mita 4 zuwa 4 da rabi. A da ta gora ce, yau ta zaren kabon ce, marar nauyi, mai lanƙwasa ta dawo. Tsawonta yana yin aiki biyu: yana ba da nisan jifa, yana kuma ɗaga zare sama da igiyar ruwa. A jikinta akwai zobba da zaren ke bi, a gindinta kuma keken naɗi. Keken iri biyu ne. Akwai wanda kwarkwaronsa, wato abin da zaren ke naɗe a kai, yake tsaye cik, zare yana zubowa daga bakinsa. Wannan ya fi sauƙin koyo. Akwai kuma wanda kwarkwaron ke juyawa lokacin jifa, sai an bi shi da babban yatsa. In yatsa ya yi sake, kwarkwaro ya fi zare sauri, nan take zaren ya cukurkuɗe ya zama abin da suke kira sheƙar tsuntsu, mai shi ya zauna tsinta har rana ta fito. Tsofaffin Durban suna da nasu, wani faffaɗan keken katako mai suna Scarborough, ba giya ba birki, tafin hannu ne birkinsa. Har yau akwai masu riƙe da shi, kuma ana ganin girmansu.

A ƙarshen siririn zaren ana ɗaura wani mai kauri na 'yan mitoci, shi ke ɗaukar fizgar jifa da gogar dutse. Kowane ƙulli sai an jiƙa shi da miyau kafin a ja, don kada zafin goguwa ya raunana robar, sannan a gwada shi da ƙarfi tun a tudu. Dalmar da ke kai ƙugiya nesa tana da nauyin giram 110 zuwa 230, gwargwadon ƙarfin ruwa. Ta yashi tana da ƙafafun waya huɗu da ke kama ƙasa, in an ja da ƙarfi su lanƙwashe ta saki. A wuri mai duwatsu kuwa, gwani yana ɗaure dalma da zaren da ya fi sauran rauni. In ta maƙale, ita kaɗai za ta tsinke, kifin da ke ƙugiya ya zo hannu. Tun kafin asara ta zo ya riga ya zaɓi abin da zai rasa.

Wurin haɗa abincin ƙugiya nan ake gane hannu. Ka tsaya kusa da gwani ka gani, fitila ɗaure a goshinsa, ɗan katako a kan akwatin ƙanƙara. Zai ɗauko sadin da bai gama narkewa ba, domin wanda ya narke sosai ya yi laushi, ba ya jure jifa. Da wuƙa mai kaifi zai fere gefe ɗaya daga wuya zuwa wutsiya, ya juya tsokar waje, fatar ciki, saboda mai da jini su riƙa fita cikin ruwa. Zai kwantar da ƙugiya a tsakiya tare da ɗan guntun soso mai yawo, wanda zai ɗaga abincin kaɗan daga ƙasa, ya sa shi rawa, ya nisanta shi da ƙaguwa. Sai ya ɗauko wani zaren roba siriri ƙwarai, da ƙyar ido ke ganinsa, ya yi ta naɗawa, sama ya matse, ƙasa ya sassauta, har abin ya fito da tsini a kai, mai santsi, wanda zai keta iska ba tare da ya yi ta juyi ba. Ƙarshen duka zai taɓa bakin ƙugiya da yatsa ya tabbatar yana waje. In kob yake nema, zai ƙara da choka, wata halittar ruwa ce marar ƙashi mai hannuwa goma da ke fesa tawada. Yakan bubbuga farin namanta da ɗan guduma har ya yi laushi ya saki ƙanshi. In shad ne, sai ya sa guntuwar waya tsawon yatsa a gaban ƙugiya, in ba haka ba cizo ɗaya zai datse zaren. Duk wannan bai wuce minti uku ba a hannunsa.

Maƙwabcinsa mai gaggawa kuwa ya soka guntun sadin a ƙugiya ya wurga. Dalma ta yi gabas, sadin ya yi kudu tun a sama, tsuntsu ya cafe. Shi bai gani ba. Ya kafa sanda a yashi, ya zauna a kan akwati ya buɗe waya, ya shafe awa guda yana gadin ƙugiya tsirara. Da rana ta yi zai naɗe ya ce yau ba rabo.

Jifa kuma ba ƙarfin damtse ba ne, shi ya sa za ka ga dattijo siriri ya wuce ƙato da mita talatin. Mai jifa yana fara waiwayawa baya, domin dalma mai giram 170 in ta kuɓuce tana iya kashe mutum. Sai ya bar kamar mita 2 na zare yana reto daga kan sanda, ya jira igiya ta fashe ta fara komawa, ya bi bayanta har ruwa ya kai masa gwiwa. Ya juya kafaɗa, ya lilo dalmar baya, nauyin jikinsa a ƙafar baya. Daga nan komai a jere yake tafiya: ƙugu ya juya, ƙirji ya biyo, hannun ƙasa ya jawo gindin sanda zuwa ciki, na sama ya tura. Sandar ta lanƙwashe ta tara ƙarfin, ta miƙe ta sake shi. Yana sakin zaren ne daidai lokacin da kan sanda ke duban tsakanin sama da ruwa. In ya yi saurin saki dalma ta tafi sama ta faɗo kusa, in ya makara ta daki ruwa a gabansa. Tana cikin tafiya yatsansa yana shafar kwarkwaro, tana taɓa ruwa ya danne. Mita 100 ba abin mamaki ba ne a wurin wanda ya iya. Sai dai wanda ya iya ɗin sau da yawa mita 30 kawai yake jefawa, domin ya san kwarin yana nan gab da ƙafarsa. Sabon shiga ne ke tsallake kifi ya jefa bayansu don a ga ƙarfinsa.

Sannan tsayuwar da ake gani daga titi. Sandar tana hannu, zare a miƙe, yatsa ɗaya a kansa. Ta wannan yatsa yake jin abin da ke faruwa a ƙarƙashin ruwan da ba ya gani. Jan igiya yana zuwa a hankali ya saki a hankali. Ciyawar ruwa nauyi ce da ke ƙaruwa ba ta raguwa. Ƙananan kifaye tsattsaga suke yi, kaɗan-kaɗan, da sauri, alamar nan da minti goma sai an sake abinci. Shad fizga yake yi ba sallama. Kob yakan ƙwanƙwasa sau ɗaya ko biyu, wani lokaci ya ɗauko abincin ya nufo gaɓa, sai zare ya saki gaba ɗaya; wanda bai sani ba ya ɗauka dalma ce ta tsinke, wanda ya sani ya naɗe da sauri har ya ji nauyi. Garik, da ake sa wa kifi mai rai, yana cafkar abincin a gicciye ya gudu da shi, sai can ya juya shi ya haɗiye ta kai. Dole a bar masa zare ya tafi, zuciya tana bugawa, hannu yana ƙaiƙayi. Wanda ya ja da wuri ya ƙwace abinci daga bakin kifi da kansa.

In kifi ya kamu, birkin keke ne ke aiki. An riga an saita shi ya riƙa sakin zare idan jan ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren, don haka kifi mai kilo 30 yana iya zuwa hannu da zaren da kilo 15 zai tsinka. Yana gudu a bar shi, yana tsayawa a ɗaga sanda a hankali, a sauke ana naɗewa, a sake ɗagawa. In ya bi gaɓa a bi shi da ƙafa. Mafi yawan kifin da ke kuɓucewa a mitocin ƙarshe yake kuɓucewa, inda ruwa mai komawa ke jansa da ƙarfi, mai sanda kuma ya ga girmansa ya ruɗe. Gwani yana sassautawa idan ruwa na komawa, ya jira igiya ta gaba ta ɗauko masa kifin ta ajiye a kan yashi. Masu hawa duwatsu suna da ƙarin doka ɗaya da ba a karyawa: ba a juya wa teku baya. Ƙungiyar 'yan sa kai masu ceto a teku, NSRI, wadda aka kafa a 1967, ta sha fita neman waɗanda igiya ɗaya ta share daga kan dutse.

Ba kowa ne ke wannan tsayuwa don nishaɗi zalla ba. Da yawa daga cikin gwanayen gadojin da suka kutsa cikin teku a Durban jikokin Indiyawan da aka fara kawowa aikin rake ne a 1860, kuma a gidaje da dama shad ɗin asuba shi ne miyan dare. Hannun da ya fi iya naɗa sadin sau da yawa na wanda ba shi da kuɗin ɓarnatar da shi ne.

Fatsa daga jirgin ruwa kuma wani karatu ne daban, kuma tun a fita ake cin jarrabawarsa. Wannan gaɓa ba ta da tashoshin jiragen ruwa masu yawa, in ka cire Durban da Richards Bay. Saboda haka a wurare irin su Shelly Beach da Sodwana daga kan yashi ake tura jirgi cikin igiya kai tsaye. Jiragen ƙanana ne, mita 5 zuwa 7, yawancinsu da inji biyu a baya, don in ɗaya ya mutu a tsakiyar igiya ɗayan ya fitar da mutane. Tarakta ce ke tura jirgin har ya yi iyo. Kowa ya sa rigar ceto, ya riƙe igiyar jikin jirgi, ya kafa ƙafa. Direba, wanda sai da ya ci jarrabawa ya sami takardar tuƙi, zai shiga kwarin nan da mai fatsar gaɓa ke jefa ƙugiya a ciki, ya yi ta kewaya a hankali, idonsa a kan tudun yashi na waje inda manyan igiyoyi ke fashewa. Igiyoyi a rukuni suke zuwa, manya a jere, sannan a ɗan sami sarari. Wannan sararin yake jira, kuma ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi. Yana ganinsa zai buɗe wuta. In igiya ta taso masa a hanya, da hanci yake tararta, ya rage wuta daidai kan tozonta don kada jirgi ya tashi sama ya faɗo da baya. In ya ga ta riga ta miƙe za ta fashe, sai ya juya tun da wuri ya gudu gabanta, ya koma kwari ya sake jira. Abin da ba ya yarda da shi ko kusa shi ne ta same shi a gicciye. Direban da ya juyo sau uku kafin ya fita ba a yi masa dariya. Wanda ake zagi shi ne mai kunyar juyowa.

A waje, ruwa duk iri ɗaya ne a ido, amma kifi yana taruwa ne a kan duwatsun ƙarƙashi, irin su Aliwal Shoal da ke kamar kilomita 5 daga Umkomaas, da Protea Banks a gaban Shelly Beach. Kafin zuwan na'urar nuna wuri, tsofaffi da alamun tudu suke gane su: sai hasumiya kaza ta daidaita da kan dutse kaza, bishiya kaza ta shige bayan gida kaza, inda layukan biyu suka haɗu nan ne wurin. Yau akwai na'urar da ke aika sauti ƙasa, sautin yana tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa, ya dawo ya zana ƙasan teku a allo. Amma allon ma sai mai karatu. Layi mai kauri dutse ne, siriri laka ce, gajimare a tsakiya tarin ƙananan kifi ne, 'yan baka-baka a gefensa su ne manyan. Ido kuma bai huta ba: tsuntsaye masu faɗawa ruwa, layin da shuɗin ruwa ya haɗu da kore, ko gungumen da ke yawo, wanda kifin dorado ke son fakewa a ƙarƙashinsa.

Masu neman tuna da dorado suna jan kifin roba a bayan jirgi, zaruruwa huɗu ko biyar, kowanne da nisansa don kada su harɗe wajen juyawa. Kuta kuwa, dogon kifi mai haƙora da gudu, an fi kama shi da mataccen kifi da aka ɗaure da waya aka sa wa ɗan nauyi a haɓa, ana jansa a saurin tafiyar ƙafa. Kafin a sake shi baya sai an sa shi a ruwa gefen jirgi an duba. In yana iyo a miƙe, wutsiya tana kaɗawa, ya yi. In yana juyi, a ciro a gyara, ko sau nawa ne. Wayar ma in ta yi kauri a ruwa mai haske kuta zai zo ya duba ya wuce. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Masu sauke ƙugiya ƙasa, mita 40 ko fiye, suna da wata matsala da ta gaɓa ba ta da ita. Kifi yana da jakar iska a ciki da ke daidaita masa iyo. Kowane mita 10 na zurfi yana ƙara nauyin ruwa daidai da nauyin iskar da ke kanmu, don haka kifin da aka jawo daga mita 30 iskar cikinsa tana iya kumbura har ninki huɗu. Zai iso da ciki a bakinsa, idanu a waje. In ƙarami ne aka jefa shi haka, yawo zai yi a sama har tsuntsu ko kifin shak ya ɗauke. Masu kula suna maƙala masa wata dalma mai ƙugiya marar ƙaya, su sauke shi zuwa zurfinsa, su fizga ya saki. Komawa gida kuma sai an hau bayan igiya ɗaya, ba a wuce ta ba, ba a bari ta baya ta cim ma jirgi ba, a taho da gudu har kan yashi, a ɗaga injuna daidai lokacin da ciki ya taɓa ƙasa.

Wannan kulawa da ƙaramin kifi tana da tarihi. Kob yana iya rayuwa fiye da shekara 40, ya kai kilo 70, amma ba ya fara haihuwa sai ya kai wajen mita ɗaya, yana ɗan shekara 5 ko 6. Shekara da shekaru ana kwashe shi kafin ya kai, har binciken masana ya nuna manyan da suka rage ba su kai kashi 5 cikin 100 na asali ba. Wani jan kifi da suke kira Saba'in da Huɗu ya kusa ƙarewa, aka hana kama shi gaba ɗaya a 1998. A shekarar 2000 gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan kamun kifi na ƙugiya, a ƙarshen 2001 kuma ta fitar da dokar hana hawa bakin teku da mota, abin da ya bar wurare masu nisa suka huta. Yau mai fatsar gaɓa kob ɗaya aka yarda ya ɗauka a rana, kuma sai ya kai santimita 60. Shad huɗu ne, kowanne santimita 30, daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Nuwamba kuwa ba a taɓa shi sam, lokacin zubar ƙwansa ne. Ana karya dokar, babu shakka, musamman idan shad ya zo da yawa ido ya rufe. Amma a ganina cikar gwaninta tana wurin mutumin da ke da awo a akwatinsa, wanda zai jiƙa hannu kafin ya taɓa kifi, ya tallafe shi ta ciki maimakon ya rataye shi ta ƙunci, ya cire ƙugiya cikin daƙiƙoƙi, ya riƙe shi a ruwa har ya ji wutsiya ta buga.

Irin waɗannan mutane su ne ƙashin bayan wani aiki da cibiyar binciken teku ta ORI da ke Durban ta fara a 1984. Tana ba zaɓaɓɓun masu fatsa ƙananan alamu masu lamba, su soka a gindin ƙayar bayan kifi, su rubuta irinsa da tsawonsa da wuri da rana, su sake shi. An sa wa kifi sama da 300,000 alama ta wannan hanya, kuma da ita aka tabbatar garik yana tafiyar ɗaruruwan kilomita tsakanin yankin Kef da wannan gaɓa, alhali wasu kifayen duwatsu suna shekaru a wuri ɗaya.

In harka ta kai ka Durban kana son gwadawa, fara da sayen lasisi ta intanet, domin ko tsutsar da za ka tona a bakin ruwa sai da izini. Duba kwanan wata, ka je da hantsi ka ga ruwan a janye kafin ka dawo da sanda. In kuma Allah ya ba ka kifi mai ɗan sili rawaya a bayansa, goge shi ka karanta lambar, ka auna tsawon kifin, ka aika wa ORI. Za su gaya maka inda aka fara kama shi, da ranar, da yadda ya ƙaru tun daga lokacin.